Shaida a kan Hidetoshi Nakata, wanda ya rataye takalmi yana ɗan shekara 29

Idan alƙaluma za a bi, Hidetoshi Nakata bai isa a riƙa maganarsa har yau ba. Wasa 77 ya buga wa Japan, ya ci ƙwallo 11. Yasuhito Endo ya buga 152, Kunishige Kamamoto ya ci 75. A Turai kofi biyu kacal Nakata ya ɗaga, ɗaya da Roma ɗaya da Parma, kuma a na Roman ma yawancin kakar a benci ya yi ta. Amma ka tare duk wanda ya kalli gasar Italiya a wajejen 2000 ka ce ya faɗi sunan ɗan ƙwallon Japan guda ɗaya, kafin ka rufe baki zai ce Nakata. Rabonsa da fili tun 2006. Shaidar da za mu bayar a kansa ta shafi yadda aka yi sunan ya ƙi dusashewa, da abin da ya iya da ƙafarsa, da inda abubuwa suka lalace masa.

An haife shi ranar 22 ga Janairu 1977 a garin Kofu, cikin lardin Yamanashi, ya yi sakandare a Nirasaki, makarantar da ta yi suna a ƙwallo. Masu kallon ƙwallo a Najeriya sun gan shi tun kafin su san sunansa. A 1993 Japan ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, Nakata yana cikin yaran gida, kuma Najeriyar su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma ce ta cire su a kwata-fainal da ci 2-1 kafin ta je ta ɗauki kofin. Bayan shekara uku aka sake haɗuwa a Olamfik ta Atlanta. Japan ta ba duniya mamaki ta doke Brazil 1-0 a Miami, sai ta faɗa hannun tawagar su Jay-Jay Okocha da Tijjani Babangida, aka zura mata biyu a mintunan ƙarshe. A wannan wasan ne halin Nakata ya fara fitowa fili. Yaro ne ɗan shekara 19, amma a hutun rabin lokaci ya nuna wa koci Akira Nishino cewa zaman baya da ake yi ba zai kai su ko'ina ba, a bar masu tsaron baya su matso. Sakamakonsa shi ne a wasa na uku, da Hungary, a benci ya zauna. A Japan, inda ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma daga ranar har ya bar ƙwallo bai canza ba.

A lokacin yana Bellmare Hiratsuka, kulob ɗin da ya ɗauke shi a 1995, shekara biyu bayan an kafa gasar ƙwararru ta J.League. Babbar tawagar ƙasa ta kira shi a Mayun 1997. Wata shida bayan haka ya yi wasan da ya mayar da shi ɗan kowa a Japan.

Sai an san ciwon da ke zuciyar 'yan Japan kafin a gane nauyin wasan. Kafin lokacin ba su taɓa zuwa Kofin Duniya ba. A 1993 a Doha saura ƙiris su samu tikiti, Iraƙi ta farke a mintin ƙarshe aka tashi 2-2, suka koma gida da kuka. To ranar 16 ga Nuwamba 1997 aka haɗa su da Iran a Johor Bahru ta Malesiya, wasa ɗaya tal, wanda ya ci ya tafi Kofin Duniya na 1998 a Faransa. Ƙwallon farko, Nakata ne ya zura wa Masashi Nakayama fasin ta tsakanin masu tsaron baya. Iran ta dawo daga hutu da zafinta, Khodadad Azizi ya farke, Ali Daei ya ƙara ta biyu da ka. Saura kusan kwata na awa a tashi Nakata ya ɗago ƙwallo ta sauka daidai kan Shoji Jo, aka koma 2-2. Aka shiga ƙarin lokaci, a zamanin dokar da duk wanda ya fara ci wasa ya ƙare. Masayuki Okano, wanda koci Takeshi Okada ya sako saboda gudunsa, ya yi ta ɓarar da damar da Nakata yake shimfiɗa masa. A minti na 118 Nakata ya daina ba kowa, ya ja ƙwallo da kansa ya buga da hagu daga wajen da'ira, gola Ahmad Reza Abedzadeh ya taɓe ta bai riƙe ba, Okano ya zame ya tura ta raga. Ƙwallo uku, duka ukun daga ƙafar yaro ɗan shekara 20 suka taso. Aka ba shi gwarzon ɗan wasan Asiya na 1997, aka sake ba shi a 1998.

A Faransa Japan ba ta samu ko maki ɗaya ba: Ajantina 1-0, Kuroshiya 1-0, Jamaika 2-1. Amma Nakata ya rina gashinsa ja-ja yadda ko daga saman filin wasa ba za ka rasa shi ba, kuma wasan da ya yi ya isa ya sa Perugia, ƙaramin kulob da ya hauro Serie A, babbar gasar Italiya, a shekarar, ya biya kusan dala miliyan 4 ya ɗauke shi.

Mutane da yawa a Italiya sun ɗauka ciniki ne kawai shugaban kulob Luciano Gaucci ya yi, a sayar da riguna a jawo 'yan yawon buɗe ido. Suna da hujja, don Kazuyoshi Miura ya zo Genoa a 1994 ya yi kaka ɗaya ya koma da ƙwallo ɗaya. Kuma gaskiya ne kuɗin sun shigo. Wasannin Italiya a lokacin ana buga yawancinsu ne ƙarfe uku na yammacin Lahadi, wanda ya yi daidai da goma ko sha ɗaya na dare a Tokyo, lokacin da kowa ya dawo gida yana gaban talabijin. Amma ranar 13 ga Satumba 1998, wasansa na farko, Juventus ta su Zidane da Del Piero ta zo Perugia, Nakata ya zura mata biyu. An ci Perugia 4-3, sai dai daga ranar maganar sayar da riga ta mutu. Ya gama kakar da ƙwallo 10, kulob ɗin ya tsira bai faɗa ba.

Me ya iya da har ya tsaya a gasar da ta fi kowace tsauri a wancan zamani? Abu na farko jiki ne. Ba dogo ba ne, wajen santimita 175, amma ƙugunsa da cinyoyinsa suna da ƙarfi, kuma ya iya sa jiki tsakanin ƙwallo da mai bin sa. Mai tsaron baya zai bangaje shi da kafaɗa, sai ka ga shi ne ya yi taga-taga, Nakata kuwa yana tafe da ƙwallo. Ba ya cikin masu faɗuwa su yi birgima don neman bugun tazara. Na biyu, kansa kullum a ɗage yake. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga hagu da dama, don haka taɓawar farko takan zama ta juyawa zuwa gaba. Na uku shi ne fasin ɗinsa, wanda shi ne abin yabonsa kuma shi ne abin ƙorafi a kansa. Yakan buga ta ƙasa da ƙarfi, zuwa inda ya kamata ɗan gaba ya kai, ko da ɗan gaban bai tashi ba tukuna. In aka dace da mai gudu da saurin fahimta, mai tsaron baya ba ya da lokacin juyawa. In ba a dace ba, ƙwallo ta wuce ta fita, 'yan kallo su ce ya yi ɓarna. A tawagar Japan an sha yi masa ƙorafin cewa fasin ɗinsa ba ya da tausayi, shi kuma bai rage ƙarfinta ba, don a ganinsa mai laushi ba za ta wuce masu tsaron bayan Turai ba. A wannan mun ba shi gaskiya.

A Janairun 2000 Roma ta saye shi a kan lira biliyan 42, kuɗin Italiya na lokacin, kuma a nan matsalar da ta bi shi har ƙarshen wasansa ta fara. Wurin Nakata shi ne bayan 'yan gaba, lamba goma. A Roma wurin nan na Francesco Totti ne, ɗan gari, kyaftin, wanda ba mai taɓa shi. Koci Fabio Capello ya gwada ja da Nakata baya ya zama mai tare hanya a tsakiya, abin bai zauna ba. Ga kuma dokar da ta hana kulob sa 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba fiye da uku a wasa, alhali Roma cike take da 'yan Kudancin Amurka. Sau da yawa ko benci ba ya samu.

Kwanaki kaɗan kafin 6 ga Mayu 2001 aka soke wannan doka, kuma ranar ce Roma za ta je Turin ta kara da Juventus, tana gabanta da maki shida. Minti shida da farawa an ci Roma biyu, Del Piero da Zidane. Capello ya sako Vincenzo Montella bayan hutu, abin bai motsa ba. Wajen minti na 60 ya yi abin da ba a saba gani ba, ya cire Totti ya sa Nakata. A minti na 79 Nakata ya ƙwace ƙwallo a tsakiyar fili, ya matsa da ita 'yan taku, ya ɗirka ta daga nesa ta wuce Edwin van der Sar ta shige can sama. Da aka shiga mintunan ƙari ya sake samun wata a bakin da'ira ya buga, Van der Sar ya amayar da ita, Montella ya ƙarasa. Aka tashi 2-2. Ga lissafin da ya sa har gobe mutanen Roma ba sa manta shi: an gama kakar Roma tana da maki 75, Juventus 73. Da Juventus ta riƙe nasarar nan, da ita ke da 75 Roma 74. Kofin Serie A da Roma ta yi shekara 18 tana jira, tun 1983, kuma ba ta sake ɗauka ba har yau, a cikin rabin awar nan na Nakata aka tsare shi. Irin wannan dare guda ya fi kaka biyar na wasa mai kyau daɗewa a bakin mutane.

Wata ɗaya bayan haka ya sake nuna taurin kansa. Japan tana karɓar gasar Kofin Nahiyoyi, ya ci Ostireliya da bugun tazara cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Yokohama, ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe da Faransa, sannan ya hau jirgi ya koma Italiya don a ƙarasa neman kofi da shi. Kocin Japan, Philippe Troussier, Bafaranshen nan da ya taɓa riƙe Super Eagles a 1997, bai ji daɗi ba ko kaɗan. Faransa ta ci 1-0.

Daga Roma sai Parma, a kan lira biliyan 55, wato sama da yuro miliyan 28. Ba a sake sayen ɗan Asiya da tsadar da ta wuce haka ba sai a 2015, da Tottenham ta ɗauki Son Heung-min. A Parma ya sake cizon Juventus: a wasan ƙarshe na Coppa Italia na 2002 ya ci ƙwallo a Turin amma Juventus ta yi nasara 2-1, Parma ta ci 1-0 a gida, jimilla ta zama 2-2, sai ƙwallon da ya ci a waje ta ba su kofi bisa dokar lokacin. A bazarar ya ci Tunisiya da ka a Osaka, Japan ta fito daga rukuni a Kofin Duniya karo na farko, kafin Turkiyya ta cire ta.

Daga nan hanya ta fara gangara, kuma dalilan a fili suke. Kuɗin da aka saye shi sun sa ana jiran ƙwallayen da ba aikinsa ba ne ya ci. Cesare Prandelli da ya karɓi Parma ya tura shi gefen dama ya riƙa yi wa Adriano da Adrian Mutu hidima, ya yi aikin amma ba wurinsa ba ne. A Janairun 2004 ya tafi aro Bologna wajen Carlo Mazzone, tsohon kocinsa na Perugia wanda ya fi kowa sanin yadda ake amfani da shi, ya ɗan farfaɗo. Sai ciwon matsematsi ya kama shi. Wannan ciwo mugu ne ga ɗan tsakiya irinsa, don ba ya kwantar da mutum gaba ɗaya, sai dai ya cinye ƙarfin juyawa da na dogon bugu, abubuwa biyun da Nakata yake ci da su. Kakarsa a Fiorentina ba ta yi armashi ba. A 2005 ya tafi aro Bolton a Ingila wajen Sam Allardyce, inda ya tarar da Okocha da El Hadji Diouf. Abin sha'awa, su ukun duka suna cikin jerin fitattun 'yan wasa masu rai da Pele ya fitar a 2004, kuma Nakata ne kaɗai ɗan Japan a ciki. Sai dai Bolton ƙwallon sama take bugawa, daga baya a cilla wa 'yan gaba, mai fasin ƙasa kuwa sai ya ga ƙwallo tana wuce shi ta saman kai. Ƙwallo ɗaya ya ci a gasar, a ragar West Brom.

Kofin Duniya na 2006 a Jamus shi ne na ukunsa. Tawagar da koci Zico ya kai ana ganin ita ce mafi gwaninta da Japan ta taɓa haɗawa, amma kanta ba a haɗe yake ba. Nakata yana so a matsa gaba a danne abokan karawa tun daga gidansu, masu tsaron baya suna so a ja baya a rufe gida, sai tsakiyar fili ta zama fako, shi kaɗai yana ta zirga-zirga a ciki. Kuma ba mutum ne mai lallashi ba, abin da ya gani shi yake faɗa, ƙananan 'yan wasa suna shakkarsa. A wasansu da Ostireliya 'yan Japan suna gaba 1-0 har minti na 84, aka zura musu uku kafin a tashi. Suka yi canjaras da Kuroshiya ba ci. Ranar 22 ga Yuni a Dortmund suka fara cin Brazil, Brazil ta rama da huɗu. Da alƙalin wasa ya busa tashi, Nakata ya je da'irar tsakiya ya kwanta rigingine, ya rufe fuska, ya daɗe a haka har fili ya kusa watsewa. Ba wanda ya san abin da yake yi wa kuka sai ranar 3 ga Yuli, da ya rubuta a shafinsa na intanet cewa ya bar ƙwallo, kuma tun kusan wata shida baya ya yanke shawarar. Daga baya ya bayyana cewa daɗin wasan ne ya fita daga ransa.

Wannan shafi na intanet yana cikin sirrin daɗewar sunansa, kuma ba kowa ke lura da shi ba. Tun 1998, lokacin da yawancin 'yan ƙwallo ko adireshin imel ba su da shi, Nakata ya buɗe nakata.net saboda ya gaji da yadda jaridu suke juya masa magana. Ya rage hira da 'yan jarida, abin da yake son faɗa sai ya rubuta da kansa magoya baya su karanta kai tsaye. Abin da kowane ɗan wasa yake yi yau a Instagram, shi ya yi shi shekaru da yawa kafin a ƙirƙiro Instagram ɗin. Ya koyi Italiyanci har yana hira ba tafinta. Ya shiga harkar kayan sawa, ana ganinsa a wuraren nunin tufafi a Milan, manyan kamfanoni suna sa shi a talla, har ana kwatanta shi da David Beckham. A 2003, yana tsakiyar wasa, kamfanin kayan ƙwalama na Tohato ya ba shi muƙami a cikin shugabanninsa. Saboda haka ranar da ya ajiye ƙwallo, rabin masu son sa dama ba don ƙwallo kaɗai suke bin sa ba.

Barin da ya yi da wuri ma ya yi masa aiki. Ba wanda ya taɓa ganin Nakata da tumbi yana jan ƙafa a ƙaramar gasa, ba wanda ya ga an kore shi daga aikin koci, don bai taɓa karɓar aikin ba. Bai zauna a talabijin yana sharhi duk mako har a gaji da muryarsa ba. Hoton ƙarshe da ke idon mutane shi ne na Dortmund. Miura, wanda ya girme shi da shekara goma, ya bi ɗaya hanyar, ya ci gaba da wasa har ya haura shekara hamsin, shi ma ana girmama shi, amma girmamawar da ake yi wa mai juriya daban take da marmarin da ake yi wa wanda ya tafi ana so.

Sannan ga waɗanda suka bi sawunsa. Hiroshi Nanami ya tafi Venezia a 1999, Shinji Ono ya tafi Feyenoord, Junichi Inamoto ya tafi Arsenal a 2001, Shunsuke Nakamura ya tafi Reggina a 2002. Daga baya Yuto Nagatomo ya sa rigar Inter, Keisuke Honda ya sa lamba goma a AC Milan. Ba Nakata ne ɗan Japan na farko a Turai ba, Yasuhiko Okudera ya je Cologne tun 1977 har ya ci gasar Jamus. Amma bayan Nakata ne kulob-kulob suka fara aika masu farautar 'yan wasa Japan da gaske, kuma duk lokacin da wani sabon yaro ya sa hannu a Italiya sai jaridu sun tono sunansa sun auna yaron da shi.

Rayuwarsa bayan ƙwallo ta ɗauki wata hanya da ba wanda ya zata. Ya yi kusan shekara uku yana yawon duniya, ya kafa gidauniyar Take Action, ya shirya wasan sada zumunta na taimako a Yokohama a 2008. A yawon nan ne ya ga ana yi masa tambayoyi a kan al'adun Japan yana kasa amsawa, don tun yana ɗan shekara 21 ya bar gida. Sai a 2009 ya fara zaga lardunan ƙasar 47 ɗaya bayan ɗaya, daga Okinawa a can kudu har Hokkaido a arewa, tafiyar da ta ci sama da shekara shida. Yana sauka wajen manoma, da maginan tukwane, da masaƙa, da masu shafen kwanukan katako, da masu noman ganyen shayi, yana zama yana kallon yadda ake aikin. Abin da ya gano shi ne masu sana'ar sun iya aiki amma ba su iya kai kayansu kasuwa ba, kuma 'ya'yansu suna guje wa gadon.

Inda ya fi zuba ƙarfinsa shi ne sake, giyar shinkafa ta gargajiyar Japan. Wannan ba harkar da yawancin masu karanta mu za su yaba ba ce, mu ma ba tallarta muke yi ba, amma ba a ba da labarinsa a tsallake ta. Ya ziyarci ɗaruruwan gidajen da ake yin ta, ya kafa kamfani a 2015, ya fito da manhajar waya mai suna Sakenomy, kuma daga 2016 yake shirya baje kolin Craft Sake Week a unguwar Roppongi ta Tokyo, inda ƙananan masu sana'ar daga ƙauyuka suke haɗuwa da masu saye. A 2020, da aka mayar da gidan adana kayan sana'ar hannu na ƙasa zuwa birnin Kanazawa, shi aka naɗa shugaban girmamawa na gidan. Akwai matasa a Japan yau da suka san fuskarsa a matsayin mutumin nan mai yawo wajen masu sana'a, sai iyayensu sun nuna musu bidiyon Johor Bahru suke yarda cewa shi ne yaron mai rinannen gashi da ya buga ƙwallon da Abedzadeh ya kasa riƙewa.